ISKA BIYU A ARLIT

Malamai, maƙera, ƴan bori da masu ruƙiyya a garin uraniyom

Yau za mu kama hanyar arewa, mu wuce Tawa, mu wuce Agadas, mu ƙara tafiyar kilomita wajen 240 cikin hamada, har mu sauka Arlit da maƙwabciyarta Akokan. Duk ɗan Nijar ya san abin da ake haƙowa a can. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda mutanen garin ke kai kukansu idan ciwo ya ƙi jin allura, da kuma daɗaɗɗiyar gabar da ke tsakanin waɗanda ake kai wa kukan.

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga abu biyu. Wadda ke kaɗawa ta tayar da ƙura, iska ce. Wadda ke zaune cikin tsamiya ko tsohuwar rijiya, ta shafi mutum ta bar shi da ciwo, ita ma iska ce. A yawancin garuruwanmu wannan bai dami kowa ba, domin zance kan nuna wadda ake nufi. A Arlit kuwa, in aka ce iska ta taɓa wane, sai an tsaya an tambaya: wace iska?

Garin da aka gina saboda dutse

A shekarar 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik, arewa da Ingal, sai suka ci karo da uraniyom. Wurin ba baƙo ba ne ga tarihi, domin masu binciken kufai sun nuna cewa nan ce tsohuwar Takadda, garin jan ƙarfen da matafiyi Ibn Baɗuɗa ya sauka a 1353. Bincike ya ci gaba ya yi arewa. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, aiki ya kankama a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya soma fitar da dutse a 1978 daga ramin Akuta mai zurfin mita wajen 250, ma'aikatansa kuma aka gina musu Akokan. Domin a ba su wutar lantarki aka buɗe haƙar kwal a Anu Araran kusa da Cirozerin, domin a fitar da kaya kuma aka shimfiɗa kwalta tun daga Tawa.

Inda da babu kowa sai makiyaya masu wucewa, sai ga gari mai wuta da famfo da kantuna, har ana yi masa kirari da ƙaramin Paris. Hausawan Adar da Gobir da Maraɗi da Damagaram suka hau neman aiki, Zabarmawa da Barebari da Fulani suka hau, har da mutanen Benin da Togo. Sannan farin 1973 da na 1984 suka karkashe dabbobin Abzinawa, da yawa daga cikinsu suka gangaro daga duwatsu suka kafa bukkoki a gefen gari, abin da ya ba unguwar Bukoki sunanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen dubu 80 a Arlit.

To, mutum ba ya ƙaura da tabarma da tukunya kaɗai. Yana tafe da abin da yake tsoro, yana tafe da wanda ya saba kai wa kuka. Ta haka wannan sabon gari ya gaji rigimar da ta haura shekara ɗari biyar, wato rigima kan wa ke da izinin taɓa abin da ido ba ya gani.

Malam da malam

Kafin a zo ga boka, gabar farko tsakanin malamai ce su da kansu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zauna Takadda yana karantarwa, kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, daga baya ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu. Cikin amsoshin da ya rubuta wa Askiya ya yi kaca-kaca da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da duban taurari da labarin aljannu, ya ce wajibi ne sarki ya tsawata musu.

Ba a jima ba, cikin ƙarni na 16, wani baƙo ya shigo Abzin, ana ce da shi Sidi Mahmudu al-Bagdadi. Da zikiri ya zo da halwa, wato mutum ya keɓe kansa kwana da kwanaki yana ambaton Allah. Almajirai suka taru gare shi, labarin karamominsa ya bazu cikin duwatsu. Malaman fadar Agadas suka ga abin ya wuce wuri, suka kai sukarsa, Sarkin Abzin ya sa aka kashe shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Kisan bai binne hanyarsa ba, gama a ƙarni na 20 Malam Musa Abatul ya farfaɗo da ɗariƙar Halwatiyya a yankin Tabelot, mabiyanta suna jingina kansu ga Sidi Mahmudu. A wannan Agadas ɗin ce kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta kusa da Galmi ta yau, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya yi karatu, kuma a littafinsa Nurul Albabi ya lissafa yanka ga itatuwa da duwatsu, da bugun ƙasa, cikin abubuwan da ke ɓata wa mutum addini.

Ashe tun fil azal malantar ƙasar nan reshe biyu gare ta: masu tsaron iyaka da littafin fiƙihu, da masu riƙe da asirai. Na biyun su ne mai ciwo ya fi sani. Abzinawa suna da zuriyoyi sukutum na malamai, Inesleman, waɗanda ake ganin albarka gado ce a jininsu. Aikinsu ɗaya ne da na malamin zaure a ƙasar Hausa: a rubuta aya a allo a wanke a sha, a naɗe takarda a yi laya, a yi tofi, a kwana da istihara a wayi gari da amsa. Mai zurfin karatu kan zana hatimi, wato gidajen lissafi inda kowane harafin Larabci ke da adadinsa. Wannan fanni ba abin rainawa ba ne, domin wani Bakatsine, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har a Masar saboda littattafan da ya rubuta a kai.

Hujjar malam ita ce shi ba ya ciniki da aljani, da sunayen Allah yake aiki. Masu sukarsa kuwa cewa suke tsakanin hatimi da tsafi tazarar ba ta kai silin gashi ba. Bahaushe da kansa ya san da wannan, shi ya sa ya ware wani ya ce da shi malamin tsibbu.

Maƙeri da turmin mata

Abzinawa suna kiran iskoki Kel Esuf. A harshen Tamajak, esuf shi ne dajin da babu kowa, kuma shi ne kewar da ke kama zuciyar wanda ya rabu da nasa. Waɗannan mutanen kaɗaici ana cewa suna zaune a kufai da tsohuwar toka da kogunan duwatsu, suna yawo da almuru. Abin da suke tsoro shi ne ƙarfe, shi ya sa ake ajiye wuƙa ko takobi kusa da kan mai jego da jaririnta.

Ƙarfe kuwa yana da masu shi, su ne Inadan, maƙeran Abzin. Su ke ƙera takobi da sirdin raƙumi da kayan azurfa, su ake aika neman aure, suna kuma da zaurancensu da ake kira tenet, wanda bare ba ya ji. Ana buƙatarsu, ana kuma shakkarsu, saboda wani abu da ake kira tezma. An yi imani cewa in maƙeri ya roƙi abu aka hana shi, ko da bai yi niyyar sharri ba, wani zafi kan fita daga gare shi ya faɗa kan dabbobi ko ƴaƴan wanda ya hana. Malam yana da albarka, maƙeri yana da tezma, kowa yana kallon ɗan uwansa a kaikaice. Duk da haka, in malam ya gama rubuta laya, gidan maƙeri ake kai ta, matarsa ta ɗinka mata fata ko shi ya buga mata gidan azurfa. Kishiyoyi ne masu cin tuwo a akushi ɗaya.

Akwai kuma fagen mata. In mace ta daina magana, ta daina ci, ta zauna tana kallon wuri ɗaya, sai a ce gumatan sun kama ta, a shirya mata tende. Turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya ya zama ganga, a kife ƙwarya cikin ruwa ana bugawa, mata su jeru suna waƙa da tafi cikin dare, mai ciwo tana zaune a tsakiya tana karkaɗa kai har ta faɗi a gajiye. Malamai ba sa halartar wannan wuri, suna ganinsa wasa ne da ke cuɗa maza da mata. Amma wata masaniya ƴar Amurka, Susan Rasmussen, wadda ta daɗe cikin Kel Ewe na yankin Bagzan ta kuma fitar da littafi kan wannan al'ada a 1995, ta nuna cewa yawanci sai an fara zuwa wurin malam, kuma mutane suna bambanta iskokin da ke jin aya da waɗanda sai kiɗa. Ta kuma bayyana tsofaffin mata masu ɗebo saiwoyi da ganyaye daga dutsen Bagzan, da wani mai duba da ke aiki da turare, wanda Abzinawa ba su da sunan da suke kiransa sai na Hausa: boka.

Mai karatu ya tuna da matar da fari ya raba da awakinta, ta sami kanta cikin bukka a gefen Arlit, tana hangen fitilun unguwar ma'aikata daga nesa. Ba sai an je daji ba, esuf ya same ta a tsakiyar gari.

Goge ya hau hanyar uraniyom

Mutanen kudu su kuma da bori suka zo. Ɗan bori ba ya musun cewa iska ce ta kawo ciwo, amma a wurinsa ciwon sallama ce: iska tana son mutum, tana neman ya zama dokinta, in mace ce godiyarta. Magani shi ne girka. A keɓe mai ciwo kwanaki ana ba shi jiƙo da turare, a gane wace iska ce, a yi mata yanka da irin dabbar da take so, a ɗinka mata tufafinta. Daga ranar an ƙulla zumunci na har abada, duk sa'ad da mai goge ko mai garaya ya taɓa takenta sai ta hau. Iskokin suna da birninsu, Jangare, da sarki da fadawa, irin su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna Doguwa da Kuturu. A ƙasashen Hausa na Nijar bori ya shiga har cikin sarauta, domin Iya ta Maraɗi da Inna ta Tsibirin Gobir, ƴaƴan gidan sarauta, su ne shugabannin ƴan bori.

Dabarar bori ga abokin gaba ita ce ya haɗiye shi. Malamai sun tsane shi, sai ga iska mai suna Malam Alhaji, tsoho mai tari da carbi, yana koyar da karatu. Nasara ya zo da bindiga, sai a 1925, a ƙasar Kurfai ta Filinge, sababbin iskoki suka bayyana kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta, suna fareti suna ba da oda irin ta soja. Kumandan Yamai na lokacin, Kurosisiya, ya kama su ya ɗaure, bai san ya sama wa kansa gurbi ba, gama ba a daɗe ba aka sami iska mai suna Kumandan Mugu. Waɗannan su ne Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, su ne kuma Jan Rush ya ɗauka a sinimarsa a Ankara ta ƙasar Gana a tsakiyar shekarun 1950, cikin ƴan ci-ranin Nijar. Har Lokotoro, wato likita, yana cikin jerinsu. Wannan ya nuna cewa bori ba abin ƙauye kaɗai ba ne: inda duk talaka ya je ƙwadago, ya haɗu da injin da oda da kaɗaici, iskokinsa kan bi shi su sa irin tufafin wurin.

Masu kora

Sai ga rukuni na ƙarshe, wanda ya zo ya ce duk na baya sun kauce. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ta Najeriya, ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, bisa karantarwar Shehu Abubakar Gumi. Cikin shekarun 1980 ta shigo Nijar ta ƙofar Maraɗi, ta bi ƴan kasuwa da direbobi da kaset-kaset na wa'azi. A zamanin Janar Seyni Kunce ƙungiyar addini ɗaya tak hukuma ta yarda da ita, wadda aka kafa a 1974, amma bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, kowa ya sami bakin magana.

Ƴan Izala ba bori kaɗai suka sa a gaba ba. Sun soki laya, sun soki ziyarar kaburburan waliyyai, sun soki wuridin ɗariƙu da kashe dukiya wajen suna da biki. Ba wuya a gane abin da ya sa wannan kira ya shiga kunnen matashi mai albashi, wanda dangi ke jiran ƙarshen watansa, ga malam na jiran sadaka, ga maƙeri na jiran kyauta, ga mai goge na jiran kari. Gabar takan wuce ta baki. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, masu tarzoma a Maraɗi sun far wa mashaya da coci-coci da gidajen mata masu zaman kansu, suka kuma cinna wa gidan Iya wuta.

Amma wanda ya hana mutane wani magani, tilas ya ba su madadinsa. Madadin shi ne ruƙiyya. Mai ruƙiyya yakan karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da ƙarfi a kunnen mai ciwo, ya ba shi habbatus sauda da man zaitun da zuma da ruwan ganyen magarya. In mai ciwo ya fara fizge-fizge, sai malam ya tambayi aljanin sunansa da addininsa da dalilin shigarsa, ya yi masa wa'azi, ya umurce shi ya fita. Wannan sana'a ta bunƙasa a Kano a tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da ƴan mata ƴan makaranta suka riƙa faɗuwa da yawa a lokaci ɗaya. Daga baya irin wannan ya auku a lakwal-lakwal na Nijar, har aka laƙaba wa abin suna génie tchatcheur, wato aljani mai surutu.

Mai lura zai ga cewa a gidan bori da ɗakin ruƙiyya abu ɗaya ke faruwa: iska tana magana da bakin mai ciwo. Bambancin yana ga hukunci. Ɗan bori ya ce a shirya da ita, mai ruƙiyya ya ce a kore ta, malamin zaure ya ce a yi katanga da laya, maƙeri ya ce a ajiye ƙarfe. Kowannensu yana ganin maganin ɗan uwansa shi ne cutar.

Iska ta biyu

Duk wannan ana iya samunsa a Tawa ko Damagaram. Abin da ya keɓanta Arlit shi ne a ƙarƙashinta akwai wani abin ɓoye wanda babu ko ɗaya cikin waɗannan gidaje da ya gaji sunansa.

Dutsen uraniyom yana fitar da wani tururi wanda ba a gani, ba a jin warinsa, ba ya ƙona fata nan take. Yana kuma sakin wata iska da masana ke kira radon, wadda ke taruwa a rami da ɗakin da ba ya shan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon cikin manyan abubuwan da ke kawo sankarar huhu, bayan taba. Ciwon ba ya fitowa sai bayan shekara goma ko ashirin ko fiye, lokacin da mutum ya riga ya bar aiki ya koma garinsu. Ga kuma ƙurar dutse da ke daskarar da huhu sannu a hankali. Wannan iska ba ta jin goge, ba ta amsa tambaya. Na'ura kaɗai ke jin ta, shi ya sa ake maƙala wa mai shiga rami ɗan ma'auni a jiki, ya zama yana ɗauke da laya biyu, ta malam da ta kamfani.

A farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin SOMAIR, Almustafa Alhasan, ya kafa ƙungiya da abokansa bayan sun ga abokan aiki suna mutuwa da cututtukan da ba a bayyana musu ba. Sunan da suka ba ta, Agir in Man, ma'anarsa garkuwar rai. Su suka gayyato masana na wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, a watan Disamba na 2003, waɗanda suka sami tarkacen ƙarfe mai tururi ana sayarwa a kasuwar gari. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awon, ta ce a wani titi na Akokan tururin ya ninka na ƙasa lafiyayya har sau 500, kuma cikin samfurin ruwa 5 da ta ɗiba, 4 sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna, ya sa aka bi tituna ana awo, amma ya musanta cewa aikinsa na cutar da mutanen gari.

A dubi wannan al'amari da idon Ba'abzine. Ƙarfe shi ne abin da kakanni suka ce yana korar Kel Esuf. Ga shi ƙarfen da ya fito daga ma'adini, wanda maƙeri zai saya ya yi tukunya ko ƙyaure da shi, an same shi ɗauke da wata iskar. Abin da aka sani da tsari ya zama abin da za a nemi tsari da shi.

A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ta fitar da uraniyom tan wajen dubu 75. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Ta bar tsibin dusar dutse tan wajen miliyan 20 a kusa da Akokan, wanda aka shiga aikin rufewa da yumɓu da duwatsu. Sinadarin radiyom da ke cikin irin wannan dusa sai ya shekara 1600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Wata ɗiyar garin, Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin rami, ta yi sinima a 2016 ta sa mata suna da Faransanci, abin da ke nufin fushi cikin iska. Ba ta yi kuskuren kalma ba.

Wa ke biyan kuɗin gabar?

A ɗauki misali, ba na wani mutum takamaimai ba. Tsohon ma'aikaci ne, ya yi shekara ashirin a rami, yanzu tari ya kama shi, yana ramewa, dare ya yi zufa ta jiƙa shi. Yayansa ya ce sammu ne, tun wata gaba ta wurin aiki, a je wurin malam. Matarsa ta tuna cewa kakarsa godiyar Doguwa ce, an daina yi mata yanka tun da aka hau arewa. Ɗansa ya dawo daga masallaci ya tsinke layun da ke wuyan uban, ya kira mai ruƙiyya. Gida ya rabu uku, rago ya tafi, kuɗin sallama suka tafi, wata shida suka wuce. In tarin fuka ne, maganin wata shida da ake bayarwa kyauta da ya warkar da shi, da kuma bai shafa wa jikokinsa ba. In ciwon ƙura ne ko sankara, da an gano da wuri an rubuta, ko ba komai iyalinsa suna da takardar neman hakki.

Kada a yi saurin cewa jahilci ne. Mutum yana zuwa wurin malam ko gidan bori domin a can ana zama da shi, ana jin tarihinsa, ana amsa tambayar da likita ba ya amsawa, wato don me ni. Akwai kuma maganar yarda. Kamfanonin biyu sun gina asibitoci a Arlit da Akokan, mutanen gari sun amfana da su shekara da shekaru. Amma a 2005 ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa ta Faransa ta yi ƙorafin cewa da wuya waɗannan asibitoci su rubuta wani ciwo a matsayin wanda aiki ya jawo, kuma sai a 2011 aka kafa hukumar bin lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas. Inda mai ciwo ke zargin cewa mai awo da mai rami gidansu ɗaya, zai nemi wani ya gaya masa sunan cutarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wanda ya karɓi rami ya karɓi nauyin faɗa wa mutane abin da na'ura ta gani: awon ruwa da na tituna da na ƙarafan kasuwa, a bayyana shi da Hausa da Tamajak, a rediyo da bakin masallaci, yadda tsohuwa a Bukoki za ta gane.

Su kuma masu riƙe da asirai, ba mu ne za mu raba musu gardamar da Shehu Magili da Sidi Mahmudu suka bari ba a raba ba. Abu ɗaya dai muke roƙo, wanda bai saɓa wa aƙidar kowa ba. Duk wanda aka kawo masa mai tarin da ya wuce mako biyu, ko mai tofar da jini, ko mai ramar da ba a san dalilinta ba, ya fara tura shi a duba ƙirjinsa, sannan ya yi nasa aikin. Malamin da ya yi haka bai rage albarkarsa ba, magajiyar bori ba ta ɓata da iskokinta ba, mai ruƙiyya bai bar sunna ba. A garin da iska ta kasu biyu, wanda ya san iyakar saninsa shi ne gwani.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun sake saduwa.